Baƙin Man da Na Zubar

Kwanakin baya da hantsi ina zaune a tabarma a bakin ɗakina, na ga matar jikana ta tsame dankalinta daga kasko, ta ɗauki kaskon da mansa a ciki ta nufi bakin famfo. Kafin in buɗe baki ta tuttule shi a rariya, ta kora da ruwan sabulu. Na ce, "'Yar nan, me man ya yi miki?" Ta ce, "Hajiya, ai ya yi baƙi, sau uku ina suya da shi." Na ce to, na ja bakina, domin a gidan nan an riga an sa mini suna mai ƙorafi, kuma yarinyar ba ta da laifi, haka ta ga ana yi a gidansu. Rariyar nan sau biyu bana ana kiran mai gyara, ya zura ƙarfe ya zaro wani abu mai kauri kamar kitsen da ya kwana, kowa ya toshe hanci yana tambayar daga ina wannan ya fito. Ni na san inda ya fito. Amma ƙarar zubar man ce ta tsaya mini a rai. Ta mayar da ni wani tsakar gida a ƙauyenmu kusa da Ajingi, inda ni ma na taɓa yin abin da ta yi, nawa kuwa ya fi nata tsada.

Na taso a gidan da ba a sayen mai, yinsa ake yi. Gidan ƙarami ne, Baba da Inna da mu yara, sai Iya, mahaifiyar Baba, wadda ita ce mai gidan a gaskiya ko da yake Baba ne ke zama a zaure. A shekarun da na fara wayo gyaɗa tana yi sosai a ƙasarmu. Da kaka, kafin a ɗinke buhunan da za a kai sayarwa, Iya ta riga ta ware nata kason. A soya ta da yashi a kasko, a murje, a bushe ɓawon a faifai, a daka har ta yi laushi, sannan a riƙa ɗiga ruwan zafi a turmin ana juyawa da taɓarya. Juyin nan shi ne wahalar. Hannu zai yi kamar ya cire, ba ka ganin komai, sai can ka ji turmin ya sauya murya, ya koma caɓal-caɓal, mai ya fara tsattsafowa a gefe. Iya ba ta leƙawa, da kunne take sanin ya zo. Tunkuzar da ta rage a mulmula ta, a soya ƙuli-ƙuli a cikin man da ya fito daga jikinta. Tun hantsi har azahar ake yi, a tashi da kwalba biyu, wata ran biyu da rabi.

Iya tana tuyar ƙosai kullum da safe a ƙofar gida, kuma mai a hannunta sai ya yi aiki hawa-hawa kafin ya huta. Sabo na ƙosai ne. Idan ya kwana biyu a kasko ya fara ja, a bar shi ya huce, a tace da farin ƙyalle, ya koma na miya da na zubawa a dafaffen wake. Idan ya wuce nan, ya yi duhu ya fara ɗaci a maƙogwaro, to ya bar hanyar baki. Shi ake juyewa a wata 'yar tukunyar ƙasa da ke kusurwar ɗakin Iya, rufe da sakaina. Tukunyar baƙin mai muke ce mata. Ta girme ni, ta girmi Baba ma in ji Iya, jikinta ya sha mai har yana sheƙi, kuma warinta yana nan a hancina har gobe, warin ƙonannen wake da tsohuwar gyaɗa. Daga cikinta ake zuba wa fitila mai lagwanin auduga. Daga cikinta Baba ke shafa wa gugan fata kada ya tsage, da ƙotar fartanya, da bayan jaki inda akumari ya goge. Da sanyi, idan ƙafafunmu suka yi faso, Iya ta jera mu ta goge mana dugadugai da dutse ta cusa man a cikin tsagar, muna ihu tana yi mana tsiya. Hatta abin da ke kwantawa a gindin tukunyar, baƙi mai kauri, cakuɗa shi ake yi da ƙaiƙayi a dunƙula, da damina idan itace ya jiƙe dunƙule ɗaya ya isa ya tada wuta. Ban taɓa ganin an nufi rariya da mai ba. Iya takan ce rariya ta ruwa ce, in ka ba ta mai riƙe maka za ta yi, ta haɗa ka da kiyashi sannan ta haɗa ka da maƙwabta.

Babban aikin tukunyar nan kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, aikin waken Iya. Wani farin wake ne manya-manya mai jan ido, wanda ta zo da shi daga Kademi a ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ta gidan kakanmu, ita ma daga hannun uwarta ta karɓa. Ba ya daɗewa a wuta, ƙosansa kuma yana tashi ba sai an wahalar da hannu wajen bugu ba, shi ya sa kaskon Iya ke ƙarewa kafin na kowa. A gayaunarta ta bayan gida take shuka shi tsakanin gero. Idan aka rore aka sussuke, ta zauna ta tsince masu kyau ɗaya-ɗaya ta ware na iri, kamar tiya biyu. Wake kuwa kowa ya san halinsa, tun daga gona yake tahowa da ƙwaronsa, in ka ajiye shi haka nan kafin damina ya zama gari. Wasu toka suke sawa, wasu barkono, wasu yashi. Iya baƙin mai take sawa. A zuba waken a ƙwarya, a ɗiga man, a yi ta murzawa da tafin hannu har kowace ƙwaya ta yi sheƙi, a juye a tulu, a rufe da sakaina a liƙe da laka. A shekarun da na sani ba a taɓa fasa tulun an tarar da huda ba.

Sai shekarun nan suka zo da ruwa ya ɗauke. Ba zan tsaya ba da labarinsu ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Gero ya bushe a tsaye, mutane suka ci irin da suka ajiye. Waɗanda Iya ta taɓa ɗibar wa wakenta a ƙauyenmu da ƙauyen Gafasa duk suka dafa nasu, kuma ba mai zarginsu. A gidanmu ma an kai inda Inna ke kwaɗa rama da ɗan gari a kira shi abincin rana. Wata rana Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Iya ya ce, "Iya, ko tulun nan za a fasa? Yaran nan ba sa barci." Ta ce, "Ka sayar da akuyata. Tulun nan ba abinci ba ne." Aka sayar da akuyar. Da ruwa ya dawo ta shuka ta samu. Ana cewa an huta, sai ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, aka tuge babu 'ya'ya. Mai ya zama abin da ake aunawa a marfin kwalba a kasuwar Ajingi. Iya ta kife kaskon ƙosai. Ragowar tuyar watannin baya da ke cikin 'yar tukunyar nan shi ke nan man da ya rage a gidan, ta hana fitila, ta hana jaki, tana tattalinsa don wake. Daga Kademi ma an aiko mata cewa irin ya ƙare a hannunsu, in Allah ya sa tana da shi ta taimaka musu da damina. Wato tulun Iya ne na ƙarshe. Zancen tattalin man nan ni ban san shi ba, domin ba na gida.

Tun tsakiyar yunwar aka kai ni Gaya wajen Gwaggo, ƙanwar Baba, don a rage baki a gida. Mijinta ma'aikaci ne mai albashi, gidansu da daɓen siminti da rufin kwano, a can na fara ganin man da ake saye a gwangwani. Gwaggo mace ce mai tsafta har ta yi yawa. Idan mai ya yi duhu sai ta yamutsa fuska ta ce wannan ai cuta ce, shi ke kawo tari, in kai rariya in zubar in wanke kaskon har in ga fuskata a ciki. Na kusa shekara biyu a can. Na koyi ɗaurin ɗankwali irin na 'yan gari, na koyi cewa "ƙazanta" ina ɗage hanci. Da Inna ta haihu aka aiko in dawo in taya aiki, na dawo ina da shekara sha biyu ko sha uku, ina ganin kowa a gidanmu baƙauye ne. Iya ta dube ni sama da ƙasa da idonta da ya fara yana, ta ce, "Lale, an dawo mana da uwar tsafta. A shimfiɗa mata tabarma kada ƙasarmu ta taɓa ta." Sunan ya bi ni.

Kwana uku da dawowata, Iya tana bayan ɗaki tana fama da tukunyar ruwan wankan jegon Inna, Baba yana gona, na ce bari in nuna musu yadda ake gyaran ɗaki. Na shiga ɗakin Iya na fitar da tabarma da buzu na kakkaɓe, na share har ƙarƙashin gado, na yaye yanar gizo-gizo. Da na kai kusurwa na ɗaga sakaina, wari ya bugi hancina. Na san tukunyar sarai, ƙafata ta sha manta, amma a ranar da hancin Gaya na shinshina ta. Man ya kai rabi, baƙi ƙirin, ga ƙuda ya mutu a sama. Na ɗauke ta da hannu biyu ina kawar da kai, na tsuguna a bakin rariya na tuttule. A hankali ya fita, bul-bul, ya bi ta ƙarƙashin katanga. Na kora da ruwa, na ɗauraye tukunyar sama-sama don na ji Inna tana kirana, na mayar da ita mazauninta na rufe. Har jiran yabo nake yi. Da Iya ta shiga ta ce ɗaki ya yi fes, Allah ya yi albarka. Ba ta duba kusurwa ba.

Washegari da hantsi ta kira ni. Tana tsaye a kan tukunyar wankan, hayaƙi yana shiga idonta, ganyen darbejiya a hannu, matan da suka zo barka suna zazzaune a tsakar gida. Ta ce, "Uwar tsafta, zo in ba ki aikin manya. Waken iri yana ƙwarya a kan gadona, na gama tsincewa. Ki ɗauko tukunyar baƙin mai ki murje shi, kin sha ganin ina yi. Wata huɗu ina hana ubanki man nan saboda yau. Ki yi a hankali, in ya zube babu wani." Na shiga ɗakin. Na zauna gaban ƙwaryar, na jawo tukunyar, na leƙa kamar wani zai mayar mini da man. Daga inda nake ina jin muryarta tana yi wa Inna faɗa a kan shan kunun kanwa. Taku goma ne tsakanina da ita. Iya ba ta cika duka ba, don haka ba zan ce tsoron bulala ne ya zaunar da ni ba. Kunya ce. Ni da na dawo ina koya wa mutane tsafta, in fita gaban matan nan in ce na ba rariya man da aka hana fitila wata huɗu. Na hango yadda labarin zai kai Gafasa kafin la'asar.

Sai na yagi gefen wani tsohon tsumma, na zura hannu na goge cikin tukunyar. Tukunyar ƙasa da ta yi shekara da shekaru tana shan mai ba ta bushewa da ɗauraya ɗaya. Na goge gindi, na goge wuya, na danna har tsumman ya yi baƙi ya yi danshi. Na ɗebi wake cikin tafin hannu ɗaya, na zuba a tsumman na murje shi har ya yi sheƙi, na fita da shi. Na ce, "Iya, haka ya yi?" Ta goge hannunta a zane, ta ɗauki 'yan ƙwayoyi ta murza a yatsu, ta kai hanci. Ta ce, "Ya yi. Ashe Gaya ba ta lalata ki duka ba. Haka za ki yi wa sauran, ki juye a tulu ki liƙe, na kwaɓa laka tana bakin rijiya." Na koma. Sauran waken na juye shi a tulu yadda yake, busasshe. Na hannuna kuwa na ƙulle shi a tsumman, don na rasa inda zan ɓoye tsumman, na tura shi can tsakiya. Na ɗora sakaina, na liƙe bakin, na shafe shi sumul. Ban taɓa yin liƙi mai kyau irin na ranar ba, Iya ta shafa ta ce ko ita sai haka.

Bayan kwana biyu Baba ya zo neman abin da ya rage don gugansa. Iya ta jawo tukunyar ta ji ta sakayau, ta ce, "Ke, duka kika ƙarar?" Na ce eh. Ta ce, "Hannunki da nauyi kamar na gwaggonki. To ba komai, wake ne ya sha." Dama ta biyu ke nan, na bar ta ta wuce. Sanyin shekarar gugan Baba ya tsage, ya ɗinke, ya sake tsagewa. Dugadugan Iya suka dare har tana ɗingishi, wani lokaci in ta taka sai ka ga ɗigon jini a daɓe. Ni ce mai share shi. Takan ce ƙafa ta yi haƙuri bana, baɗi ta sha mai har ta ƙoshi.

Da zafi ya shigo na fara jin su. Idan gida ya yi tsit bayan azahar, kowa ya nemi inuwa, sai in shiga ɗakin in tsuguna in kara kunnena a jikin tulun. Da farko ba komai. Daga baya wata 'yar ƙara, ƙis-ƙis-ƙis, kamar ana taɓa busasshen ganye da tsinke. Kullum ƙaruwa take yi, jikin tulun ma ya riƙa yin ɗumi. Duk surar da na iya a makarantar allo na tofa wa tulun nan. Na yi tunanin in fasa in duba in sake liƙewa, amma sabuwar laka ba ta ɓuya, kuma Iya kullum sai ta shafa bakin tulun in za ta fita, yadda ake shafa kan yaro. Kunnen nan nata da ke jin zuwan mai a turmi, shekaru sun fara cinye shi. Wata rana ta same ni a tsugune ta ce, "Me kike saurare, ko wake ya fara yi miki hira?" Na yi dariyar yaƙe na fice. Na rame a watannin nan har Inna ta jiƙa mini magani tana cewa ciwon shawara ne.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Aka shuka gero, ya fito, aka yi noman farko, lokacin wake ya yi. Ranar da safe ne, ƙasa a jiƙe. Wani ɗan ƙanin Iya ya zo tun daga Kademi a kan keke da 'yar jakarsa, don a ɗibar masa irin da aka yi musu alkawari. Iya ta sa Baba ya fito da tulun tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta yi bisimilla ta bugi lakar da ƙotar lauje. Tana ɗaga sakainar ƙwari suka taso, ƙanana masu ruwan ƙasa, suka bi hannunta har gwiwa, wani wari mai ɗumi ya biyo su. Ta karkata tulun. Abin da ya zubo gari ne da ɓawo, kowace ƙwaya da huda uku ko huɗu, in ka matsa ta sai ta rugurguje. Baba ya yi salati a hankali. Baƙon Kademi ya sunkuyar da kai yana naɗe jakarsa. Iya ta ɗebi garin ta murza a yatsu, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta ce, "Wannan bai ga mai ba."

Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da zazzage tulun har ƙullin tsumman ya faɗo. Ta lalubo shi ta kwance. Waken ciki yana nan fari tas da jan idonsa, yana sheƙi, ƙwaro bai taɓa shi ba. Bai cika tafin hannunta ba. A nan bakina ya buɗe, kuma ba zan kira shi jarumta ba tunda babu sauran abin ɓoyewa. Na faɗi komai ina kuka ina jan majina, rariya da ɗauraya da tsumma, a gaban Baba da baƙo da Inna da ta fito da goyo. Baba ya jawo igiyar guga. Iya ta ɗaga masa hannu ba tare da ta juya ba, ya tsaya.

Ta ce, "Yaushe kika zubar?"

Na ce, "Ana gobe za ki sa ni aikin."

"Wato da na kira ki kin riga kin san babu."

Na ce eh.

Ta jujjuya waken a tafinta. Can ta ce, "Mai ai zubewa yake yi, 'yar nan. Ni ma na taɓa fasa kwalba guda ina amarya. Da kin buɗe baki a ranar, ga toka nan a murhu, wankan uwarki kullum sai ya tara mana kwando guda muna zubarwa. Toka za mu sa. Kyauta."

Da ta bari Baba ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ni duk watannin nan ina ganin man ne laifina, ban taɓa kawo toka a raina ba, alhali ni ce mai kwashe ta kowace safiya.

Ta ware 'yan ƙwayoyi ta ba baƙon Kademi, ta ba shi haƙuri. Sauran ta kamo hannuna ta juye mini, ta ce, "Ke kika rage shi, ke za ki mayar da shi. Ga gayauna can." Ƙwaya ɗaya-ɗaya na saka a rami maimakon uku da aka saba, layi biyu kacal ya yi. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, Iya tana zaune a kan turmi a bakin gayaunar tana ba da umarni, ba ta taɓa sake tayar mini da zancen ba. Da kaka muka samu ɗan kwano guda, duka aka ajiye, a toka. Shekara ta biyu ya kai tiya, ta raba wa Kademi da Gafasa, sauran aka ajiye. Na roƙe ta in jiƙa ko ludayi ɗaya in yi mata ƙosai, domin na ga yadda take taɓa ƙosan wani wake ta ture. Ta ce, "Sai tulu ya cika." A shekara ta uku waken ya rufe gayaunar har yana hawa kan gero, kowa ya gani ya san tulu zai cika ya yi saura. Iya ta kwanta ciwo yana fure, ta rasu yana ƙulla 'ya'ya. Ba ta sake cin wakenta ba. Ƙosan farko da aka yi da shi ni na toya, na sadakar arba'in ɗinta. Ya tashi yadda ya saba, mutane suna ci suna cewa kamar Iya ce a bakin kaskon. Man tuyar na bar shi ya huce, na tace, ya bi hawa-hawansa har ya kai 'yar tukunyar kusurwa, da shi na murje irin shekarar.

Yanzu 'ya'yana irin kanti suke shukawa, su ajiye da hodar magani a buhun leda. Ba na musu da su, suna samu fiye da yadda muka samu. Fitila ta lantarki ce, guga na roba, jaki kuwa jikokina a hanya kawai suke ganinsa. Baƙin mai ya rasa aikin yi, shi ya sa ake ba rariya. Ni dai har yau ina shuka layi biyu na waken Iya a jikin katangar baya, kuma na bana yana ƙwarya na gama tsincewa.

Bayan na kwana biyu ina juya abin a raina, na ga shiru na sake yi, ni da na san kuɗinsa. Na kira matar jikana na miƙa mata wani gwangwani mai marfi, na ce daga yau in mai ya yi baƙi ta bar shi ya huce ta juye mini a nan, wanda ya fi ƙarfina mu cakuɗa da ƙaiƙayi mu ba mai tuyar ƙofar gida ta tada wuta. Ta ce, "Hajiya, me za ki yi da shi?" Na ce ta zauna, na ba ta labarin nan tun daga turmi har sadakar arba'in. Jiya ta kawo gwangwanin da ɗan abin da ya taru, ta ce ita za ta murje mini waken tunda hannuna yana ciwo. Ta shiga ɗaki da ƙwaryar, ta jima, ta fito da wake cikin tafin hannu yana sheƙi, ta ce, "Hajiya, haka ya yi?"

Na murza a yatsu, na kai hanci, na ce ya yi. Sannan na ce ta ɗauko mini ƙwaryar gaba ɗaya, na zura hannu har gindi.